Amsa-kama a Matsayin Tushen Ƙirƙirar Kalmomi: Misali Daga Sautin Allon Madannai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga shagunan buga takardu a Azare zai lura cewa allunan madannai na kwamfuta ba sautinsu ɗaya ba. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin haka, sannan ta nuna cewa Hausa ba ta buƙatar aro domin siffanta waɗannan sautuka.

2.0 Hular Madanni da Sauti

A allon madannai irin na inji, kowane harafi yana da makunninsa mai sifirin, kamar na kamfanin Cherry na Jamus. Bisa makunnin akwai murfin roba da yatsa ke bugawa, wanda za mu kira hular madanni. Abubuwa uku na wannan hula suna sauya sauti.

Na farko shi ne irin robar. ABS ba ta kai PBT nauyi ba, saboda haka sautinta ya fi kaifi. Na biyu shi ne kauri. Hula mai kaurin milimita 1 tana ba da sauti siriri, mai milimita 1.5 kuwa sautinta ya fi zurfi. Na uku shi ne tsayi, domin doguwar hula irin ta SA tana da faffaɗan kogo da ke ƙara amo.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Matan da ke kiɗan ƙwarya a Udubo, kamar sauran ƙasar Hausa, sun san cewa babbar ƙwarya mai kauri ta fi ƙarama amo.

3.0 Amsa-kama

Masu sha'awar waɗannan alluna a Turai da Amurka sun rarrabe sautukan da kalmomi biyu na Ingilishi: "clack" ga mai kaifi, "thock" ga mai zurfi. Hausa kuwa tana da rukunin amsa-kama, wanda Newman ya nazarci ginin jimlarsa tun 1968. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, amma amsa-kama sau da yawa da baƙi take ƙarewa, kuma baƙin yakan nuna yanayin sautin. Misali:

(a) Takalminsa yana ƙara ƙwas-ƙwas.
(b) Buhun ya faɗi tim.

A (a), /ƙw/ da /s/ suna nuna sauti busasshe mai saurin yankewa, irin na siririyar hula. A (b), /m/ tana nuna nauyi da amo, irin na kakkaurar hula. Ke nan ana iya cewa "allo mai ƙwas-ƙwas" da "allo mai tim-tim", kowa ya fahimta ba tare da fassara ba.

4.0 Kammalawa

Masu ƙirƙirar kalmomin fasaha sun fi karkata ga aro ko doguwar fassara. Abin da aka gani a sama ya nuna cewa amsa-kama hanya ce ta uku, musamman a fagen sauti. Ya kamata a jarraba kalmomin nan biyu a kan masu buga takardu, a ji ko za su karɓu a bakinsu.