Jibda: Ƙamshin da Ake Kankarowa Daga Jikin Dabba

Da yawa daga cikinmu mun san jibda a wajen masu turare da masu maganin gargajiya, amma ba kowa ya san asalinta ba. Wani maiƙo ne da ke taruwa a 'yar jaka ƙarƙashin wutsiyar magen juda, dabbar dawa mai dabbare-dabbaren baƙi da fari wadda ba ta fita kiwo sai da dare. Ita a wajenta alama ce: tana goga shi a jikin itace ko dutse don 'yan uwanta su san wurin yana da mai shi.

Sabuwar jibda ruwan ɗorawa ce, mai laushi kamar man shanu, tana daɗewa tana yin duhu. Wanda ya shinshine ta tsurarta sai ya kau da kai, don warinta ba ya shaƙuwa. Amma idan aka tsarma ɗan ƙanƙani cikin turare, sai ta ba da ƙamshi mai daɗi, ta kuma riƙe sauran ƙamsoshin su daɗe a jiki. Wannan ne ya sa kamfanonin turaren Faransa suka daɗe suna nemanta ruwa a jallo.

Mafi yawan jibdar da ke kasuwar duniya daga Habasha take fitowa, musamman yankunan Jimma da Wollega. Can ake kamo dabbar daga daji, galibi maza, a tsare ta a kejin katako wanda ko juyawa da ƙyar take yi. Bayan kwana 10 ko mako biyu sai a riƙe wutsiyar, a kankare jakar da cokalin ƙaho, a tara abin da aka samu cikin ƙahon sa. Giram kaɗan ake samu a kowane zagaye, shi ya sa take tsada, shi ya sa kuma algus ya yi yawa: wasu na cuɗa ta da man shanu ko basilin.

A 1926 masanin kimiyya Leopold Ruzicka ya gano tsarin sinadarin da ke ba ta ƙamshi, daga baya aka iya haɗa shi a masana'anta. Koke-koken masu kare dabbobi suka ƙaru, har kamfanin Chanel ya daina sa jibdar asali a turarensa No. 5 a 1998.

Don haka mai saye ya yi hattara: jibda mai araha da wuya ta zama ta gaske. Mu kuma tuna cewa dabba tana da hakki a kanmu, kuma tunda an samu madadi, babu dalilin ci gaba da azabtar da ita saboda ƙamshi.