Tagogin Tunawa da Mamata a Cocin Ƙauyukan Ingila

A tsofaffin cocin ƙauyukan Ingila akwai al'adar da ta haura shekara 500: idan iyali suka yi rashi, sukan biya a yi tagar gilashi mai launi a kafa ta a bangon coci, da sunan mamacin a ƙasanta. Mai sana'ar yakan yanka gilashi ja da shuɗi da kore gunduwa-gunduwa, ya zana fuskoki da tufafi da baƙin fenti, ya gasa a wuta domin zanen ya kama, sannan ya haɗa guntayen da siraran dalma. Daga waje tagar baƙa ce ƙirin, sai an shiga ciki rana ta ratso ta ake ganin hoton. A ganina nan darajar al'adar take: kabari na iyali ne, amma taga ta duk wanda ya zauna ƙarƙashinta ce, ko ya san mamacin ko bai sani ba.

Manufarta ta sauya da zamani. Kafin Ingila ta rabu da Fafaroma, mai bayar da taga addu'a yake nema. A cocin Long Melford da ke Suffolk, wadda dukiyar saƙar ulu ta gina a ƙarni na 15, har yau ana ganin dangi da abokan wani mai suna John Clopton a gilashi, durƙushe, hannuwa a haɗe, domin masu ibada su roƙa musu rahama. Da aƙida ta juya, aka ɗauki hotunan a matsayin gumaka. A zamanin Sarki Edward na Shida, a 1547, an ba da umarnin kawar da su, kuma a 1643 da 1644 wani mai suna William Dowsing ya bi coci-cocin Suffolk da Cambridgeshire yana farfasawa. Shi ya sa tagogi 28 na cocin Fairford, da aka yi a farkon ƙarni na 16 suka kuma tsira kusan cif, suke abin al'ajabi. Al'adar ta farfaɗo a zamanin Sarauniya Victoria a hannun kamfanoni irin su Clayton and Bell da na William Morris, amma a lokacin rubutun ya koma yabon Ubangiji da tunawa da mamaci. Bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 sai tagogin samarin da ba a dawo da gawarsu gida ba suka yawaita.

Za a ce ai wannan harkar masu hannu da shuni ce, manomin da ya yi wa mai gona bauta har ya mutu babu tagarsa. Gaskiya ne, ba kuma ƙaramin zargi ba ne. Sai dai mai kuɗi ba ya kafa abin da ya ga dama: a Cocin Ingila sai an nemi izinin kotun yankin bishop kafin a taɓa taga, kuma bisa al'ada sunan mamaci yakan tsaya a ƙasa, labarin Littafi Mai Tsarki ya cinye sauran fili. Wasu tagogin yaƙi ma karo-karon mutanen ƙauye ne ya biya su.

Zargi mafi nauyi shi ne bango yana da iyaka, sabon mamaci kan ture tsoho. A Tudeley da ke Kent, iyayen Sarah d'Avigdor-Goldsmid, wadda ta nutse a teku a 1963 tana da shekara 21, sun nemi mai zane Marc Chagall ya yi mata taga. An kafa ta a 1967, shuɗiya kamar ruwan da ya ci yarinyar. Chagall ya ci gaba har ya yi duka tagogi 12 na cocin, amma sai 1985 aka kafa na ƙarshe, saboda wasu mutanen cocin ba su yarda a cire gilashin zamanin Victoria da ke wurin ba. Ban ga laifinsu ba, domin su ma amana suke tsarewa. A ƙarshe ba a fasa tsohon gilashin ba, an mayar da shi wani ɗaki na cocin.