Shuke-shuken Da Ke Tsotse Guba Daga Gona

A shekarar 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda gubar dalma. Daga duwatsun zinariya ta fito, waɗanda aka riƙa niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsu ta gauraya da ƙasa. Ita dalma, da 'yan'uwanta ƙarafa masu nauyi irin su kadimiyam, ba su ruɓewa kamar taki. In sun shiga ƙasa, nan za su zauna shekara da shekaru.

A ƙauyukan nan kankare ƙasar bisa aka yi, aka binne ta a ramuka, aka zubo sabuwa. Wannan ya yiwu a tsakar gida, amma wa zai iya kankare gona mai eka goma? Don haka masana suka juya ga shuke-shuke.

Ga yadda abin ya ke. Saiwa tana shan ruwa tare da abin da ya narke a cikinsa. Akwai tsire-tsiren da kan jawo ƙarfen su tara shi a kara da ganye, ba su mutu ba. In sun girma sai a yanke, a fitar da su daga gonar, a sake shukawa. Kowace damina gubar tana raguwa kaɗan. A ƙasar Japan, inda kadimiyam ya ɓata gonakin shinkafa, an gwada wata irin shinkafa mai yawan tsotsa, aka ga gubar ta ragu ƙwarai cikin shekara biyu zuwa uku.

Amma dalma taurin kai gare ta. Takan manne wa ƙasa, abin da shuka ke ja kaɗan ne, galibinsa kuwa a saiwa ya ke tsayawa. A irin wannan gona amfanin ciyawa kamar jema shi ne ta rufe ƙasa, kada iska ta kwashi ƙurar zuwa gidaje, ko ruwa ya kai ta rafi.

To, sai manomi ya lura. Abin da aka shuka don tsotse guba ba abinci ba ne. Kada a ci, kada a ba dabbobi, kada a kai kasuwa, kada a zuba tokarsa a gona. A binne shi nesa da rijiya. Kada kuma a shuka alayyafo ko rama don miya a wurin, domin ganye ya fi hatsi ɗaukar guba.

Wanda gonarsa ke kusa da wurin haƙar zinariya, ko ruwan majema ke ratsa ta, ya nemi malamin gona a auna ƙasar tukuna. Ido ba ya ganin wannan guba.