Turaren hammata: Abin da ya kamata ɗaliban Haɗeja su duba kafin su shafa

A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Haɗeja, da wuya a buɗe jakar ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman, ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, a rasa turaren hammata. Ba mai son abokin zamansa a aji ya riƙa toshe hanci.

Sai dai turaren iri biyu ne, kuma ba kowa ke bambancewa ba. Gumi shi kaɗai ba ya wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke kan fata ne ke sarrafa shi har wari ya tashi. Iri na farko yana rage ƙwayoyin, ya rufe warin da ƙamshi. Na biyu kuwa yana ɗauke da sinadarin alminiyam, wanda ke toshe ƙofofin gumi na ɗan lokaci. Alif ɗin da wasu ke gogawa a matsayin na gargajiya shi ma akwai alminiyam a cikinsa.

Illar da aka fi gani a fata take: ƙaiƙayi, raɗaɗi da ƙuraje, musamman ga wanda ya shafa bayan ya aske gashin hammata. Yawanci sinadaran ƙamshi ne sila. Idan aka ci gaba da shafawa a haka, wurin kan yi baƙi, wasu kuma su koma neman man bilicin, su ƙara wa fatar wahala. Na fesawa a ɗakin kwanan ɗalibai mai cunkoso kan tayar wa mai asma ciwonsa.

Batun cewa yana kawo sankarar mama, wanda ake yawan yaɗawa a WhatsApp, bincike bai tabbatar da shi ba.

Gargaɗin da ya fi shafar Haɗeja shi ne na ƙoda, domin yankin ya daɗe yana fama da yawan masu wannan ciwo. Babu hujjar da ta nuna turaren na haddasa shi. Amma ƙodar da ta riga ta yi rauni sosai ba ta iya fitar da alminiyam yadda ya kamata, shi ya sa hukumar FDA ta Amurka ta wajabta rubuta a jikin mai hana gumi cewa mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya shafa.

Ga mai saye a kasuwar Haɗeja, lambar NAFDAC da ranar lalacewa su ne abin dubawa na farko. Wanda aka ɗura a kwalbar da babu rubutu, ba a san abin da ke cikinsa ba.