Akawun asibitin da ya mayar da rayuwar talaka labarin zane

Birnin Cleveland da ke jihar Ohio ta Amurka ya fitar da taurari biyu a duniyar littattafan labari cikin zane. Na farko shi ne Superman, jarumin nan mai tashi sama, wanda wasu samari biyu 'yan garin, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka ƙirƙiro, aka fara buga shi a 1938.

Na biyu kuwa ko motarsa ba kullum take tashi da safe ba idan sanyi ya tsananta. Sunansa Harvey Pekar, akawu ne da ke jera fayil-fayil na marasa lafiya a asibitin tsofaffin sojoji. Ya yi wannan aiki daga 1965 har ya yi ritaya a 2001, kuma duk ƙarin girman da aka yi masa tayi ya ƙi karɓa.

A tsakanin 1976 da 2008 Pekar ya riƙa fitar da jerin littattafai mai suna American Splendor, wato ƙasaitar Amurka. Sunan gatse ne, domin abin da ke ciki bai wuce layin kanti, hirar abokan aiki, kuɗin haya da rigimar gida ba. Amma wannan aiki ya nuna wa masu zane a ƙasashe da dama cewa rayuwar maƙwabci da titin unguwa sun isa a yi littafi a kansu.

Kasuwar da ba ta da gurbin talaka

Irin waɗannan littattafai, da wasu ke kira zanen barkwanci ko da babu abin dariya a cikinsu, suna ba da labari ne ta jerin hotunan zane a cikin ƙananan akwatuna, ana rubuta maganar kowa a kusa da bakinsa.

A Amurka, manyan kamfanoni ne suka daɗe suna riƙe da kasuwar. A 1954, bayan zaman sauraren bahasi da majalisar dattawan ƙasar ta yi kan zargin cewa littattafan na ɓata tarbiyyar yara, masu bugawa suka kafa hukumar tace kansu da kansu. Littafin da bai samu hatiminta ba, da wuya dillalai su karɓe shi. Sannu a hankali kasuwar ta koma ta yara da jarumai masu ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, kamfanonin DC da Marvel suka zama jagorori.

Akwai kuma batun mallaka. A tsarin waɗannan kamfanoni, abin da marubuci ko mai zane ya ƙirƙiro na kamfani ne. Siegel da Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130. Kamfani ya tara dukiya da shi, su kuwa suka tsufa cikin ƙuncin rayuwa. Sai a 1975 aka amince a riƙa biyan kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mayar da sunayensu jikin aikin.

Shekara ɗaya bayan haka, wani ɗan garinsu ya bi wata hanyar daban: ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, ya riƙe haƙƙin mallakarsa.

Daga faifan garmaho zuwa bugun farko

An haifi Pekar a 1939. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Poland, suna da ɗan kantin kayan masarufi a Cleveland. Bai kammala jami'a ba, amma makaranci ne na gaske, kuma tun yana saurayi yake rubuta sharhi kan kiɗan jaz a mujallu.

Son tara tsofaffin faya-fayan garmaho ne ya haɗa shi da Robert Crumb a 1962, lokacin Crumb na aikin zane a wani kamfanin katin gaisuwa a garin. Daga baya Crumb ya koma San Francisco, inda a 1968 ya fitar da Zap Comix, littafin da ya buɗe ƙofa ga masu zanen da ke bugawa ba tare da neman hatimin hukumar tacewa ba.

Pekar ya duba aikin abokinsa ya ga cewa idan ana iya yin wannan da zane, to ana iya yin duk abin da ake yi da ƙagaggen labari ko fim. Matsalarsa ɗaya ce: bai iya zane ba. Sai ya riƙa raba takarda gida-gida, yana zana mutane da 'yan layuka kamar yadda yaran firamare ke yi, ya rubuta maganganunsu a sama. Crumb ya karɓi wasu ya zana su sosai, wasu masu zanen ma suka biyo baya.

A 1976 bugun farko ya fito. Pekar ne ya biya masu zane, ya biya maɗaba'a, ya kuma nemi masu saye. Ya yi sa'a a lokacin an fara samun shaguna na musamman da ke sayar da littattafan zane kaɗai, suna sayen kaya kai tsaye ba tare da sharaɗin mayar da kwantai ba. Wannan tsari ne ya ba ƙananan masu bugawa damar kaiwa ga mai karatu.

Da yake masu zane daban-daban ne ke aikin, fuskar Pekar kan sauya daga labari zuwa labari. Wani ya zana shi a hargitse da yagaggiyar riga, wani ya fito da shi a natse. Mai karatu yakan gane shi ne ta yanayin maganarsa.

Me ke cikin littafin?

Wani labari gaba ɗayansa a layin biyan kuɗi a kanti ya ƙare, Pekar na ƙunƙuni a bayan wata tsohuwa da ke ciniki da mai karɓar kuɗi. Wani kuma kan yadda jarabar sayen faifai ta kusa talauta shi. Akwai na hirar abokan aiki a barandar asibiti, inda yake kwaikwayon karin harshen kowa, da baƙar fata da Bayahude da ɗan ƙaura daga gabashin Turai.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tunawa shi ne na sunansa. Mutum ne tsaye yana magana, hoton kusan iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Yana ba da labarin yadda ya buɗe kundin lambobin tarho ya tarar akwai wani mai suna irin nasa, daga baya suka zama uku. Sauran biyun uba ne da ɗansa, kuma duk suka rasu bai taɓa ganinsu ba, amma ya ji mutuwar a ransa. Bayan wani lokaci sai ga wani sabon mai sunan ya bayyana a kundin. Labarin ya ƙare da shi yana tambayar kansa su wane ne waɗannan mutane, shi kuma wane ne.

Pekar bai yi wa kansa kwalliya ba. Yana nuna rowarsa, da saurin fushinsa, da aurensa biyu da suka mutu. Wannan ne ya sa masu karatu suka yarda da abin da yake faɗa game da sauran mutane.

Garin da ke raguwa

Shekarun da Pekar ya yi yana rubutu su ne shekarun da Cleveland ke durƙushewa. A ƙidayar 1950 birnin na da mutum sama da 900,000, lokacin da masana'antun ƙarfe ke ci. Zuwa 2010 bai kai 400,000 ba. A 1969 gurɓataccen kogin Cuyahoga da ya ratsa garin ya kama da wuta, a ƙarshen 1978 kuma hukumar birnin ta kasa biyan bashin da bankuna ke bin ta.

Jaridu sun ba da waɗannan labarai da alƙaluma. Littafin Pekar kuwa ya nuna yadda abin yake ga wanda ke zaune a ciki: tsoffin gidajen haya, tashar bas cikin dusar ƙanƙara, kantunan da aka rufe, da mutanen da ba su da halin tashi su bar garin. Wasu masu zanen 'yan garin ne, don haka titunan da gine-ginen na gaske ne. Wanda ke son ganin Cleveland ta talakawa a waɗannan shekaru zai same ta a shafukan nan.

Abin da 'yancin ya ci

Bugawa da kanka na da tsada. Pekar ya bayyana a wata hira da mujallar The Comics Journal cewa yana asarar dubban daloli a shekara. Albashin asibiti ne ke cike giɓin, shi ya sa bai taɓa barin aikin ba. Kwantan littattafai kuma a gidansa suke jibge.

Ta dalilin littafin ya samu matarsa ta uku, Joyce Brabner, wadda ke da hannu a wani shagon littattafan zane a jihar Delaware. Wasiƙa ta rubuto masa tana neman kwafi, suka yi aure a 1983.

A 1986 kamfanin Doubleday ya tattara labaran a littafi guda, wanda ya samu lambar yabo ta American Book Award a 1987. Shahararren mai gabatar da shirin dare David Letterman ya riƙa gayyatarsa tashar NBC, ana dariyar akawu mai yawan ƙorafi. Pekar ya gaji da zama abin dariya, ya fara sukar General Electric, kamfanin da ya mallaki tashar a lokacin, a gaban kyamara. Aka daina gayyatarsa na tsawon shekaru. Washegari ya koma kan fayil-fayil ɗinsa, rigimar ma ya mayar da ita labarin zane.

A 1990 aka gano yana da cutar daji ta kaluluwa. Shi da Brabner suka rubuta yadda shekarar jinyar ta kasance, da wahalar magani, da saɓanin miji da mata, da hidimar sayen gida a lokaci guda. Littafin, Our Cancer Year, ya fito a 1994 da zanen Frank Stack.

A 2003 aka yi fim kan rayuwarsa, Paul Giamatti ya fito a matsayinsa, shi ma Pekar na gaske ya bayyana a ciki. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin Sundance.

Daga Oxnard zuwa Yopougon

Pekar ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. A 1981 wasu 'yan'uwa uku 'yan asalin Meziko, Gilbert da Jaime da Mario Hernandez, suka buga Love and Rockets da kansu a garin Oxnard na jihar Kalifoniya. A shekara ta gaba ƙaramin kamfanin Fantagraphics ya karɓi bugawa, haƙƙin mallaka kuma ya ci gaba da zama nasu.

Jaime ya fara da wata budurwa makanikiya mai suna Maggie da ke gyaran kumbo, amma ba a jima ba ya ajiye kumbon ya koma kan unguwarta, wadda ya gina bisa Oxnard. Mutanen labarinsa suna tsufa kamar kowa: Maggie da aka sani tana 'yar budurwa yanzu dattijuwa ce. Gilbert kuma ya ƙirƙiro ƙauyen Palomar a yankin Latin Amurka, ya bi zuriyarsa shekara da shekaru.

A Afirka ta Yamma, misalin da ya fi fice shi ne Aya de Yopougon. Marguerite Abouet, wadda aka haifa a Abidjan a 1971 ta koma Faransa tana shekara 12, ita ta rubuta, Clément Oubrerie ya zana. Labarin ya fara ne a 1978 a unguwar Yopougon ta talakawa, inda Aya ke son zama likita, ƙawayenta Adjoua da Bintou kuma hankalinsu na kan samari. Akwai cikin shege, da uba mai ɓoyayyen iyali, da tsegumin maƙwabta.

Abouet ta sha bayyana cewa ta rubuta shi ne saboda Afirkar da take gani a kafofin labaran Turai, ta yaƙi da yunwa, ba ita ce wadda ta tashi a ciki ba. Littafin farko ya fito a 2005, ya ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême na Faransa a 2006, aka mayar da shi fim a 2013.

Sai dai akwai bambanci. Gallimard, ɗaya daga manyan kamfanonin ɗab'i na Faransa, shi ya buga Aya. Hakan na nuna cewa irin labarin da Pekar ya yi ta bugawa da asara ya kai matsayin da manyan kamfanoni ke nemansa. Yana kuma nuna cewa labarin unguwar Abidjan sai da ya bi ta Paris kafin ya zagaya duniya.

Abin da ya rage

Pekar ya rasu ranar 12 ga Yulin 2010 a gidansa da ke Cleveland Heights, yana da shekara 70. Bai yi arzikin a-zo-a-gani ba, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana rubutu kan fargabar kuɗin fansho ba za su isa ba.

A 2012 aka kafa mutum-mutuminsa a ɗakin karatun unguwar, inda ya saba zuwa kusan kullum. An haɗa shi da teburin rubutu, aka tanadi takarda da abin rubutu domin duk wanda ya zo ya zauna ya zana nasa labarin.