Dambe Da Danginsa A Duniya

Kowace al'umma tana da irin wasanta na gwada ƙarfi. A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa an gaji dambe da kokawa, waɗanda akan yi da kaka, bayan amfanin gona ya zo gida. Dambe asalinsa wasan mahauta ne. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya, ya kare kansa da ɗayan. Wanda ya taɓa ƙasa, sai a ce an kashe shi.

A Japan kuwa, Jigoro Kano ya kafa judo cikin 1882. Karate daga tsibirin Okinawa ta fito. Damben Turawa a Ingila aka buga dokokinsa cikin 1867. Rubutattun dokoki da makarantu su suka yaɗa waɗannan wasanni ko'ina. Dambe ma abin da yake bukata ke nan, don kada ya ɓace.