Gaskiya ko Jita-jita: Shin Tsohuwar Na'urar Gano Gobara Za Ta Iya Faɗin Shagon da Wuta Ta Tashi?

Ɗan kasuwar da ya daɗe a Fatakwal bai manta da gobarar kasuwar Mile One ta watan Disamba na 2013 ba. Mutanenmu na gida ma sun ga nasu rabon: Sabon Garin Kano a Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, sai ta Katsina a Maris na 2021. Shi ya sa maganar ƙararrawar gobara ba ta yankewa a bakin masu shaguna da sito, har da na Creek Road, kasuwar da ke tsohon garin Fatakwal a bakin ruwa, kusa da inda ake shiga jiragen ruwa zuwa Bonny da Nembe. Nan ga kifi ɗanye da banda, ga manja, ga buhunan wake da albasa da barkono da 'yan Arewa ke saukewa, ga rumfuna manne da juna.

Ƙararrawar gobara iri biyu ce. A tsohon tsari, ana jera na'urorin gano hayaƙi a kan waya guda, a kira wannan jerin shiyya. Idan ɗaya ta ji hayaƙi, babban akwatin da ke ofis zai nuna shiyyar kawai. A sabon tsari kuwa kowace na'ura tana da lambarta, wato adireshinta, akwatin yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar halin da suke ciki, kuma zai rubuta a allonsa cewa shago kaza ne a layi kaza. Mai ginin da ya riga ya zuba kuɗi a tsohon tsari yakan so ya koma sabo ba tare da ya yi asara ba. A nan ne zantuka suka yi yawa. Ga shida daga cikinsu.

"In kana son mai adireshi, sai ka cire tsofaffin duka ka zubar."

Jita-jita ce. Akwai ɗan ƙaramin akwati da masu aikin ke kira modul, wanda ake sawa tsakanin tsohuwar shiyya da sabon babban akwati. Gefensa ɗaya yana riƙe da tsohuwar wayar, yana ba na'urorin wuta, yana kuma lura da rasistar da ake sawa a ƙarshen layi domin a gane in waya ta tsinke. Ɗaya gefen kuma yana kan sabuwar wayar da ke fita daga babban akwati ta zagaya ta dawo. Ta haka tsofaffin na'urori da tsohon wayarin za su ci gaba da aiki. Abin da ba makawa sai an sauya shi ne babban akwatin, domin na tsohon tsari bai san adireshi ba. Sharaɗi kuma shi ne wayar ta kasance lafiyayya, ba wadda ɓera ya ci ko danshin bakin ruwa ya cinye mahaɗarta ba, na'urorin kuma ba su tsufa ba. Galibin kamfanoni suna ba na'urar hayaƙi kimanin shekara 10. Wadda ta haura haka, sayo mata modul ɓarnar kuɗi ce.

"Da an sa modul, kowane shago ya samu adireshinsa."

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi cin kuɗin mutane. Modul ɗaya adireshi ɗaya ne, ko na'ura nawa ce a bayansa. Kamar mai unguwa ne da ya je gaban hakimi ya ce wuta ta tashi a unguwarsa: an san unguwar, ba a san gidan ba. In shaguna 20 ne a kan tsohuwar wayar, allon zai nuna sunan layin, mai gadi kuma sai ya bi ƙofa 20 da ke kulle da kwaɗo yana neman inda hayaƙi ke fita. Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 5839, wadda masu wannan aiki da dama a Najeriya ke bi, ta ce shiyya ɗaya kada ta wuce murabba'in mita 2,000, kuma kada mai neman wutar ya yi tafiyar da ta wuce mita 60 a cikin shiyyar kafin ya ga inda take. An yi wannan lissafi ne da tunanin wurin da ido ke iya gani. A kasuwar da kowane shago ke da ƙofar ƙarfe, mita 60 tafiya ce mai nisa.

Hanyar gyara biyu ce. Ko dai a yayyanka tsohuwar shiyyar a ƙara yawan modul, kowane sito mai tsadar kaya ya samu nasa, ko kuma a sa wa kowace na'ura gindi mai adireshi, wanda wasu kamfanoni ke yi domin a ɗora tsohon kan na'ura a kai. Hanya ta biyu tana ba kowane shago lambarsa, amma kuɗinta kan matso kusa da na sayen sabuwar na'ura. Don haka kafin a sa hannu a takardar kwangila, tambaya ɗaya ta isa: adireshi nawa zan gani a allo? In an ce huɗu alhali shagunanka 60 ne, ka san abin da ka saya.

"Tsohuwar da aka ba adireshi daidai take da sabuwa."

Rabin gaskiya ce. Wajen faɗin wuri suna iya zama ɗaya, amma a nan kamanceceniyar ta tsaya. Tsohuwar na'ura ita ke yanke hukunci da kanta, abu biyu kawai ta iya faɗa: akwai wuta, ko babu. Sabuwa tana aika wa babban akwati ma'aunin abin da take ji, don haka akwatin kan gane ta fara datti, ya nemi a zo a wanke ta tun kafin ta fara ihun banza.

A Fatakwal wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Tun ƙarshen 2016 mazauna garin ke kokawa da baƙar tokar da ke sauka daga sama, wadda ake dangantawa da haramtattun matatun ɗanyen mai na cikin fadamu. Na'urar hayaƙi da aka fi amfani da ita tana aiki ne da ɗan haske a cikinta; in hayaƙi ya shiga ya watsa hasken, sai ta buga. Ƙura da tururi da ƙananan ƙwari suna iya watsa hasken nan, baƙar toka kuma in ta taru tana iya dusashe ta. Ƙara da hayaƙin banda da na janareta da na masu abinci. Tsohuwar na'ura ba za ta gaya wa kowa ta toshe ba, ko da an rataya mata adireshi. Sai dai a tsara mata lokacin wanki da hannu. A wurin da ake girki ko banda kuwa, na'urar da ke jin zafi ta fi dacewa, wadda kan buga idan zafin ya kai wajen digiri 57.

"Modul modul ne, ka sayi mai araha ka haɗa."

Jita-jita ce. Kowane kamfani da ƙa'idar sadarwarsa. Ta Apollo mai suna XP95 tana ɗaukar adireshi 126 a zagaye ɗaya, ta Hochiki tana ɗaukar 127, kuma kayan wannan ba ya amsa kiran akwatin da aka saita wa wancan. Hatta tsofaffin na'urorin sai an duba takardar kamfani an ga modul ɗin ya yarda da su da kuma adadin da zai iya ɗauka. Haɗin gambiza kan yi shiru ranar da ake gwaji da na'ura ɗaya, ya ba da kunya ranar gobara. Haka nan ƙaramar ƙararrawar batir da ake mannawa a silin ɗin gida ba ta cikin wannan lissafi, domin yawancinta ba a yi ta don haɗawa da babban akwati ba.

"Ai ba wutar lantarki, in an ɗauke, shi ke nan."

Jita-jita ce, matuƙar batir na da rai. Tsarin yana aiki da bolt 24, kuma ƙa'idar da aka ambata ta nemi batir ya riƙe shi awa 24 babu wutar lantarki, sannan ya iya buga ƙararrawa na minti 30. Sai dai an yi ƙa'idar ne a ƙasar da ɗauke wuta baƙon abu ne. Inda batir ke sauka ya hau kullum, yana saurin mutuwa. Kuma kowane modul da aka ƙara yana jan nasa rabon, wani ma sai an ba shi wuta ta daban, don haka dole a sake lissafin batir. Haɗa akwatin da sola ko inbata ya fi zama lafiya.

"Mun sa mai adireshi, kasuwa ta tsira."

Jita-jita ce. Ƙararrawa ba ta kashe wuta, ba ta kuma kiran 'yan kwana-kwana sai an haɗa ta da na'urar kira ta musamman. Gobarar Anacha ta Oktoban 2019 daga tankar mai ta taso a Upper Iweka, ta bi magudana har kasuwar Ochanja, da rana tsaka kowa na gani. Ba sanin wuri aka rasa ba ranar. Adireshi yana rage mintunan nema ne kawai, mintunan kuma ba su da amfani in akwatin na kulle a ofishin shugaban kasuwa da dare, ko mai gadi bai iya karanta abin da allo ya rubuta ba, ko babu tukunyar kashe gobara a kusa, ko an cike hanyar mota da tebura.

Hukunci

Ana iya haɗa tsofaffin na'urori da tsari mai adireshi, kuma ga ginin da wayarinsa ke da kyau hanya ce ta rage kashe kuɗi. Amma adireshin da za a samu daidai yake da yawan modul ko gindi mai adireshi da aka biya. Shugabannin 'yan kasuwarmu na Creek Road, da na Anacha da Inugu, ku nemi a rubuta muku adadin adireshi a takarda, a sa sunayen layuka yadda masu gadi ke kiran su, a ajiye akwatin inda ake kwana a farke, a gwada ƙararrawa kowane mako, ƙwararre kuma ya duba ta duk wata shida. Wanda ya ƙi rubuta muku waɗannan, kada ku ba shi aikin.